Wa Zai Haƙa wa Agogo Kabari

Chipalanje, watan Mayu, 2002

Zuwa ga Yayata Tiyamike,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti. Mu nan lafiya, in ban da kakarmu Agogo da ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya taka ƙasa. Tuwon masara loma biyu take yi ta ture kwanon. Amma bakinta na nan daram, jiya ma ta zagi akuyar maƙwabta har ta haɗa da uwar akuyar.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta. Josamu kwandastan motar Boma zan ba ya miƙo miki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ranar Talata mai gari ya tara mutane a gindin itacen shari'a, aka kira sunayen waɗanda suka daina zuwa makoki. Sunanki aka fara kira. Aka ce tun farkon daminar da ta wuce ake mutuwa a garin nan kusan kowane mako, amma ba wanda ya ga ƙeyarki, alhali motar Boma ba ta daina zuwa ba. Wata ta ce tunda kika sa farin takalmi ƙasar maƙabarta ta zama ƙazanta a wurinki. Aka yi dariya.

Ga hukuncin da aka yanke. Duk ranar da aka yi mutuwa a gidanmu, mu adzukulu masu haƙa kabari za mu je maƙabarta mu ajiye fartanyu a ƙasa mu zauna. Ba wanda zai sari ƙasa sai kin zo kin durƙusa gaban mai gari da kaza a hannu, kin yi alkawarin komawa zaman makoki. Bambo Kalulu shugabanmu ne ya amsa a madadinmu, ni kuwa ina zaune a bayansa. Kin san ɗan gida ba ya haƙa wa jininsa, don haka kasancewata cikinsu ba ta amfane mu da komai ba. Da aka gama maganar ba wanda ya ambaci Agogo, amma kowa ya juya ya kalli wajen ɗakinta.

Yaya, akwai abin da na gani ban taɓa faɗa wa kowa ba. Jana'izar ƙarshe da kika zo, ta Elifala tela, ina tsaye bakin rami ina hango ki cikin mata. Ba akwatin suke kallo ba, fuskarki suke kallo. Uwar mamacin ta ja ki bayan rumbu, kika dawo kika zauna kina naɗe bakin zaninki kina warwarewa, kina naɗewa kina warwarewa, har aka gama. Ke da kike ɗaga mana waƙa a coci, ranar bakinki bai motsa ba. Da aka zo wanke hannu a ƙofar maƙabarta, kika yi ta wankewa har sai da wata ta janye tasar daga gabanki.

Wanda girman kai ya hana shi zuwa ba haka yake yi ba, ni dai a ganina. Ban rubuto in ce ki zo ba. So nake ki gaya mini abin da ke damunki, in san abin da nake tsaye a kai in sun tsare ni da baki.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Limbani

*

Blantyre, watan Mayu

Zuwa ga ɗan ƙanwata Limbani,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana kula da mahaifiyata yadda ya kamata.

Labarin hukuncin mai gari ya iso gare ni ta bakin mutanen da bai kamata su riga ni ji ba. Ni dattijon coci ne, na yi aikin akawu a layin dogo har na ajiye ba tare da an taɓa kiran sunan gidanmu a gindin itace ba. Tun rasuwar mahaifiyarku ni ke da alhakinku, kai da yayarka, kuma ni na tsaya mata har ta zama nas.

Na rubuta mata, ba ta amsa ba. Na sa an bincika mini a asibitin, aka ce tana hutu, wai ba ta da lafiya, amma ba zazzaɓi ba tari. An ce duk Alhamis takan je ta zauna da wata tsohuwa 'yar arewa su yi ta hira, kuma wai hirar ce maganin. Ka ji fa. Ita da gwamnati ke biya don ta ba mutane shawara, ita ce ta koma neman mai ba ta shawara. A zamaninmu in mutum ya gaji barci yake yi ya tashi, in ransa ya ɓaci ya je wurin fasto.

Ban ce aikinta ba wuya ba. Amma wace ce ba ta gaji ba a ƙasar nan? Matan da ke kwana suna waƙa a gidan makoki, gari ya waye su tafi gona, su ƙarfe ne?

Ka saurare ni da kyau. Wadda ke kwance a ɗakin nan uwata ce. Ba zan yarda ta kwana a tabarma tana jira, fartanyu na ƙasa, saboda yarinyar da ta goya ta ƙi lanƙwasa gwiwa. Tunda kai tana karanta wasiƙarka, ka hau mota ka je ka taho da ita. Kazar ni zan aiko a saya. Abin ba zai ɗauki tsawon tafasar ruwan shayi ba, kowa ya huta.

Ina jiran amsar cewa an yi.

Kawunka,
Fanuel Chikhwaza

*

Boma, watan Yuni

Limbani ƙanena,

Na gaishe ka, na gai da Agogo. Rubutunka ba abin da ya same shi, ya fi na likitocinmu karantuwa.

Ashe ka gani. Na ɗauka ba wanda ya gani.

Ka san ɗan ɗakin nan na bayan wurin gwajin jini, mai kujera biyu. Aikina in zaunar da mutum in gaya masa abin da aka samu a jininsa. Maganin ciwon nan ba mu da shi, sai masu hali ke samu a birni. Don haka in faɗa masa, in riƙe hannunsa, in koya masa yadda zai kare matarsa, in raka shi ƙofa, in kira na gaba. Mutanen garinmu kuwa ni suke nema, wai 'yar gida ce. Sirrin gidaje da yawa na Chipalanje yana cikina, kuma ba ni da ikon faɗa wa ko bango.

To in na zo makoki me ke faruwa? In na iso da wuri, a ce ai ta san da ciwonsa. In na yi kuka, a ce lallai shi ne. In ban yi ba, a ce ta saba. Uwar Elifala da ta ja ni bayan rumbu cewa ta yi in rantse mata ba ciwon nan ne ya kashe ɗanta ba. Matarsa kuma tana can gefe tana kallona, tana jira ta karanta nata hukuncin a idona. Kowa zuwa yake ya binne mutum ɗaya, ni kuwa ina zaune ina ganin waɗanda za su bi shi.

Wata rana ina gaya wa wani saurayi sakamakonsa, yana kuka kamar ransa zai fita, sai na kama kaina ina tunanin ko na jiƙa wake kafin in fito. Ban ji komai ba, Limbani, ko kaɗan. Bayan 'yan kwanaki na zo da safe da mabuɗi a hannu, mutane sun yi layi, hannuna ya ƙi kai shi ga ƙofar. Na wuce ɗakin ajiyar barguna na zauna a ƙasa. A can Mayi Nyirongo ta same ni, tsohuwar nas ɗin da Kawu ke kira 'yar arewa. Ba ta yi mini wa'azi ba. Zama ta yi a ƙasan ita ma, da ciwon gwiwarta, ta tambaye ni yaushe rabona da barci, kuma wa ke sauraro na in na gama sauraron mutane.

Ita ta nemo mini hutu. Duk Alhamis muna haɗuwa a bayan gidanta, nas-nas da ungozoma, har da mai kula da ɗakin gawa. Wani ya yi magana, wani ya yi shiru, ba mai cewa ka yi haƙuri. Ta ce kayan da ke kaina sun yi yawa, in zaɓi ɗaya in sauke tun kafin su sauke ni. In na bar ɗakin nan babu wata a madadina. Sai na sauke makoki.

Ba zan durƙusa ba. Durƙuso na mai laifi ne, kuma alkawarin da suke so in na ɗauka ƙarya zan yi, ko kuwa in cika shi in ƙarasa lalacewa. Ka gaya wa Kawu ya ci kazarsa.

Amma Agogo ce za ta kwanta tana jira, ba ni ba, ba Kawu ba. Ranar Asabar zan zo in gaya mata komai da bakina. Abin da ta ce shi zan yi.

Yayarka, Tiya

*

Chipalanje, watan Yuni

Zuwa ga Kawu Fanuel,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan Kawu yana lafiya da iyali. Na samu wasiƙarka, malamin makaranta ya taimaka mini da manyan kalmomin.

Ban je Boma ba, don Yaya ta zo da kanta ranar Asabar. An yi rashin sa'a ranar ana makoki a gidan Jeremani mai gyaran keke, kuma gidan a bakin hanya yake. Ta tsaya ta sunkuyar da kai ta gaishe su daga nesa, ta wuce da jakarta. Tsakin da aka bi ta da shi ko ni da ke maƙabarta labarinsa ya iso ni. Abokan haƙana suka ce, ƙanen baturiya, in ka mutu da cokali za a haƙa maka. Na ce to, ku dai tabbatar ya yi zurfi.

Kwana biyu ta yi. Ta yi wa Agogo wanka, ta yanke mata farce, ta dama mata kunu mai gyaɗa, ta ɗora ƙafafunta a cinya tana matsawa. Tana matsawar tana ba ta labarin aikinta, ba ta kama sunan kowa ba. Ta gaya mata hukuncin mai gari ba ragi, ta ce in Agogo ta ce ta durƙusa, yau ɗin nan za ta je.

Agogo ta rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe ido ta ce, “Ke, in na mutu tashi zan yi in ƙirga waɗanda suka zo? Ga ki nan na gan ki da raina, na ji hannunki a ƙafata.”

Yaya ta ce ai maganar kabarin ce.

Agogo ta ce, “In sun ƙi haƙawa ku ɗauke ni ku ajiye a ƙofar mai gari, mu ga wanda zai fara gajiya, ni ko hancinsa. Yaron da na sha share wa majina!”

Daga nan ta kama hannun Yaya ta sa ta yi alkawari ba za ta zo jana'izarta ba. Ta ce ba ta goye ta don mata su zauna suna karatun fuskarta a kan gawarta ba. Ni ta sa shaida, ta ce in rubuto maka, don ta san ɗanta da kunnen ƙashi.

Kawu, ka ce kowa ya gaji a ƙasar nan, gaskiya ne. Amma na ga matan da ka ambata, in sun gama waƙa sukan rungumi juna su yi kuka, su koma gida da sauƙi. Yaya ba ta da wanda za ta runguma a garin nan ba tare da ya yi mata tambaya ba. Tsohuwar nan da kake raina ita ce ta sa Yaya ta fara barci. Na ga ta cinye tuwonta ranar Lahadi, abin da rabona da gani tun bara.

Ban taɓa ƙin aikenka ba, amma wannan ba zan je ba. In ranar ta zo, Agogo ba za ta kwana a waje ba, wannan na ɗauka a kaina. Kada ka tambaye ni yadda za a yi, ni ma ina kan tunani.

A gai da uwargida da yara.
Ɗanka, Limbani

*

Chipalanje, watan Yuli

Yaya Tiya,

Gaisuwa da ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Na san Josamu ya gaya miki tun ranar, kuma na gode da kika riƙe alkawari, na san bai zo miki da sauƙi ba. Yanzu da baƙi suka watse bari in ba ki labarin yadda aka yi.

Da safe ta cika, bayan ta sha kunu ta ce gishiri ya yi kaɗan. Kawu ya iso washegari a motar hantsi, da baƙar kwat ɗinsa da kaza a ƙarƙashin hammata. Bai ko shiga gida ba ya wuce wurin mai gari, ya durƙusa a cikin ƙura gaban jama'a, ya ce ga shi a madadin 'yar ƙanwarsa. Mai gari ya bar shi a durƙushe har ya gama shan taba, sannan ya ce ba gwiwar Blantyre ake nema ba, ta Boma ake nema. Kawu ya miƙe da kazarsa.

A maƙabarta adzukulu suna zaune a inuwa, fartanyu a jere a ƙasa. Mata sun kawo musu tuwon haƙa, ya huce ba wanda ya taɓa, don ba a ci sai an sari ƙasa. Na wuce ta gabansu na ɗauki fartanyata, na je kusa da kabarin mahaifiyarmu na auna.

Bambo Kalulu ya ce, “Limbani, ajiye. Jika bai taɓa haƙa wa kakarsa ba a garin nan. Ba mai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da kai.”

Na ce, “Bambo, dama ba na son yadda kuke cinye naman.”

Na fara. Kin san a wurinmu Yuli rani ne, ƙasar can kamar dutse. A ƙa'idar aikinmu ba mai haƙa kabari shi kaɗai, kana yin kaɗan za ka miƙa fartanya sama wani ya sauko, shi ya sa ban taɓa sanin nauyin ramin gaba ɗaya ba sai ranar. Kafin in kai ƙugu tafin hannuna ya fashe, ƙotar ta yi santsi. Ina jin waƙar mata daga gida, sun ƙare waƙoƙin sun sake daga farko, don ba halin fito da gawa.

Sai na ga takalmi mai sheƙi a bakin rami. Kawu ne. Ya cire kwat ya ninke ta a hankali ya rataye a reshe, ya naɗe hannun riga. Ya ce, “Fito, mara kunya. Uwata ce.”

Yaya, Kawu bai iya haƙa ba. Yana sara tabarau na zamewa, ƙasar da ya watsa sama rabinta a kansa take dawowa, bango ya karkace. Amma bai tsaya ba, yana sara yana huci, yana faɗa wa mai gari maganganun da ban san dattijon coci ya san su ba. Tsoho da furfura yana haƙa wa uwarsa, matasa na zaune. Na ga wasu sun fara kallon ƙafafunsu.

Bambo Kalulu ne ya fara tasowa. Ya zagaya ramin, ya leƙa, ya ce wannan kabari ne ko rijiyar mahaukaci, in baƙi suka gani za su ce aikin adzukulun Chipalanje ke nan. Ya miƙa wa Kawu hannu ya jawo shi, ya sauka da kansa. Bai ce an janye hukunci ba, gyaran bango kawai ya ce zai yi. Wasu suka bi shi, wasu suka ɗauki fartanyunsu suka tafi gida. Kafin rana ta faɗi mun rufe Agogo, ramin kuwa ya miƙe sosai.

Mai gari ya cire ni daga adzukulu, kuma ya ce hukuncin na nan a kan gidanmu har ki zo. A wurin cin abinci an ware mini kwanona, ni da Kawu, muka ci tare, kuma kazar nan ce aka yanka mana. Ban yi nadama ba. In an sake mutuwa a gidan nan na san hanyar maƙabarta.

Kawu bai ce ya yafe miki ba, kada in yi miki ƙarya. Amma da zai hau mota ya tambaye ni ko kina cin abinci. Na ce kina ci. Ya ce to.

Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, hannun ne bai warke ba.

Ƙanenki, Limbani

*

Boma, watan Yuli

Limbani,

Na gaishe ka, ya haƙuri.

Ranar Alhamis na kai wasiƙarka bayan gidan Mayi Nyirongo na karanta musu. Na kai wurin kwat ɗin Kawu muna dariya, daga nan na kasa ci gaba, mai ɗakin gawa ne ya ƙarasa karantawa. Na yi wa Agogo kukana a can har ya ishe ni, ba wanda ya kalle ni don ya gano wani abu.

Ranar Litinin zan koma ɗakin mai kujera biyu, rabin mako, an samo wadda za mu riƙa karɓa-karɓa. Wurin mai gari kuwa ba zan je ba, ko bana ko baɗi.

Kai kuma kada ka sa wa hannun nan toka ko man keke, na san halinka. Ka hau motar Josamu ranar Asabar ka kawo mini shi in gani.

Yayarka, Tiya